Waiwaye: Gardamar makahon da ya ci gasar rawa ba jiya ta fara ba

Bidiyon bai fi minti biyu ba, amma ya ƙi ɓacewa daga wayoyin mutanenmu na Makka da Jidda. Wani Bature makaho ne yake rawa da abokiyar rawarsa a gasar Strictly Come Dancing ta BBC. Ana tsaka da kiɗa sai aka kashe fitilu, wuri ya yi duhu ɗif na 'yan daƙiƙu, da haske ya dawo sai ga shi yana juyi da ita a kafaɗarsa. Sunansa Chris McCausland, mutumin Liverpool, mai wasan barkwanci, wanda ciwon ido na gado ya cinye masa gani tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ranar 14 ga Disamba 2024 'yan kallo suka ba shi kofi.

Tun daga nan, duk lokacin da wani ya sake turo bidiyon a WhatsApp sai gardama ta tashi sabuwa. Na ji ta a majalisar shayi bayan isha'i a Shara Mansur ta Makka, na ji ta a gidan suna a unguwar Karantina ta Jidda. Wasu suna cewa ƙuri'ar tausayi ce kawai, an danne waɗanda suka fi shi iya taka rawa. Wasu suna cewa ai wanda ya koyi rawa ba tare da ya taɓa ganin yadda ake yin ta ba, ya ci kofin tun kafin a ƙirga ƙuri'a. Dattawanmu kuma da yawa suna cewa kallon ma bai kamata ba, tun da mace da namiji ne a rungume. Wannan maganar tasu tana da nauyi a wurina, kuma ba ita na zo jayayya da ita ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake maganar kamar wani baƙon al'amari ne ya faɗo daga sama, alhali mu nan mun fi shekara 20 muna cikinsa.

Asalin gasar sananne ne. An fara ta a Ingila a watan Mayu na 2004: a ɗauko fitaccen mutum da bai iya rawa ba, ɗan jarida ko ɗan ƙwallo ko ɗan fim, a haɗa shi da ƙwararre, duk mako su fito. Alƙalai su ba da maki, 'yan kallo su buga waya, a haɗa biyun. A 2005 Amurka ta ɗauka da sunan Dancing with the Stars, kuma tun zagayen farko rigima ta ɓarke a kan wadda ta ci, Kelly Monaco, har sai da aka shirya karawa ta biyu tsakaninta da John O'Hurley, shi kuma ya ɗauki wannan. A 2008 tsohon ɗan jaridar siyasa John Sergeant, yana da shekara 64, ya yi ta kwasar maki mafi ƙanƙanta a Ingila, jama'a kuma suna ta ceto shi mako bayan mako, har ya janye da kansa a watan Nuwamba don gudun kada ya ci gasar. Larabawa sun samu tasu a ƙarshen 2012 a tashar MTV ta Labanon. Duk inda aka kai ta, ta tafi da wannan tsagin: idon gwani yana duba ƙafa, zuciyar mai kallo tana duba mutum.

Wannan duk labarin waje ne. Namu labarin, wanda ba na jin kowa yana tunawa da shi idan ana wannan musu, ya faru ne a farkon 2005, kuma ba ma a gasar rawa tsantsa ba.

Kafin nan, a 2003, gasar waƙa ta Super Star ta riga ta nuna wa ƙasashen Larabawa abin da saƙon waya zai iya yi. Da aka fitar da Melhem Zein ɗan Labanon a zagayen kusa da na ƙarshe, magoya bayansa sun yi cincirindo a ƙofar tashar a Beirut suna zanga-zanga. Diana Karazon ta Jodan ta doke Ruwaida Attieh ta Siriya, ƙuri'u miliyoyi, kowace ƙasa tana bayan 'yarta. A ƙarshen shekarar Star Academy ya fara a tashar LBC: samari da 'yanmata daga ƙasashe daban-daban a gida guda, ana koya musu waƙa da rawa, kyamara tana kansu dare da rana, duk daren Juma'a a sallami ɗaya. Malamai a nan Saudiyya sun yi fatawar haramta kallonsa, an yi huɗubobi a kai. Da aka sake shirin karo na biyu kuwa, sai ga ɗan Saudiyya a ciki, Hisham Abdurrahman. A watan Janairu na 2005 aka rufe hanyar tura wa shirin ƙuri'a ta saƙon wayar salula daga cikin ƙasar. A watan Afrilu Hisham ya ci gasar, ya doke Amani Suwisi ta Tunisiya.

A lokacin ina zaune a gidan Gwaggona a unguwar Sabil ta Jidda. 'Ya'yanta mata uku duk a nan aka haife su, Larabcin Hijaz ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, ba wadda ta taɓa taka Kano. Duk da haka a takarda baƙi ne, igama, wato takardar izinin zama, ake sabunta musu. Na ga yaran nan suna tara riyal ɗaya-ɗaya daga kuɗin da suke samu a ɗinkin hula da ƙunshin amare, suna ba ƙaninsu ya tafi shagon intanet ya jefa musu ƙuri'a, suna kiran ƙawaye da ke aure a wasu ƙasashen suna roƙo a tura saƙo a madadinsu. Wata rana Gwaggo ta kasa haƙuri, ta dubi babbar ta ce, "Ke, wannan yaron ɗan gidan wa ne da za ki ƙone guminki a kansa?"

Ta ce, "Inna, namu ne."

"Naku a ina? Ya san da zaman Takari a duniya?"

Yarinyar ba ta ba da amsa ba, amma ba ta fasa ba. Ba ta taɓa ce mini ya fi kowa murya ba, ba ta taɓa ce mini ya fi kowa iya taka rawa ba. Da na matsa mata sai ta ce yana magana irin tasu, yana barkwanci irin na samarin unguwa, kuma duk sauran ƙasashe suna da wanda suke tsaya wa.

Ga abin da ya sa na ce an manta da wannan shekarar. A daidai waɗannan watannin, daga Fabrairu zuwa Afrilu na 2005, aka yi zaɓen majalisun gundumomi a Saudiyya, karo na farko bayan shekaru masu yawa. Rabin kujerun aka zaɓa, kuma zagayen yankinmu na Makka da Jidda da Madina ya faɗo ne a watan Afrilu. 'Yan takara sun kafa hemomi a bakin tituna, ana raba gahawa da dabino, ana jawabai. Masu jefa ƙuri'a maza ne 'yan ƙasa. Mata sai a 2015 suka shiga. To a wata guda, a gari guda, akwatuna biyu suka buɗe. Ɗaya yana tambayar katin ɗan ƙasa. Ɗayan ba ya tambayar komai, ba ruwansa da jinsinka ko launinka ko inda kakanka ya fito, ko kana da igama ko ba ka da ita. Ga 'yan'uwana mata na gidan Gwaggo, da dubban irinsu a Hindawiyya da Misfala da Jarwal, wannan ne karo na farko a rayuwarsu da aka ce musu su zaɓa, kuma zaɓin nasu ya shiga lissafi.

Wanda aka ba wa ƙuri'a ɗaya tak a duniya ba zai kashe ta a kan ƙirga taku ba. Zai yi amfani da ita ya faɗi ko shi wane ne. A ganina daga nan ne ɗabi'ar kallonmu ta kafu, kuma ba ta sake canzawa ba. Da Muhammad Assaf ɗan Gaza ya ci Arab Idol a 2013, na san gidajen Hausawa da aka yi guɗa, kuma ko da yake yaron yana da murya ta gaske, Falasɗinu ake yi wa guɗar. Da 'yanmatan Mayyas na Labanon suka ci America's Got Talent a 2022 da rawa, a lokacin da ƙasarsu take cikin matsin tattalin arziki, duk wanda ya turo bidiyon sai ya ambaci halin da Labanon take ciki kafin ya ambaci rawar.

In ma an duba da kyau, wayar ta zo ne ta tarar da wani abu a ƙasa. Duk wanda ya tashi a tsofaffin unguwannin Makka da Jidda ya san mizmar, rawar sanda da ganga da tafi, wadda jikokin mahajjatan Afirka suke cikin waɗanda suka riƙe ta, wadda UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ana yin da'ira, mutum biyu su shiga tsakiya suna juya sanda. Ba alƙali a kan kujera, ba mai ɗaga allon maki. Da'irar ce take yanke hukunci da ƙarfin tafinta. Kuma kowa ya sani, idan tsohon unguwa ya shiga fili, gwiwa ta yi sanyi, sanda tana rawa a hannunsa, tafin da ake yi masa ya fi na saurayin da yake tashi sama. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin adalci. Ana tafa wa shekarun da ya yi, da gawarwakin da ya raka, da rigimar da ya kashe tsakanin maƙwabta. Mun san wannan hukuncin tun muna yara, sai da muka gan shi a talabijin ɗin Turawa muka fara cewa maguɗi ne.

Masu cewa an danne gwanaye ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. A zagayen 2024, Tasha Ghouri da JB Gill sun fi McCausland tara maki a hannun alƙalai, kuma duk wanda ya kalli ƙafafunsu zai ga dalili. Sai dai dokar gasar ita ce a daren ƙarshe makin alƙalai shawara ce kawai, ƙuri'ar jama'a ce take yanke magana. Kowa ya shiga da sanin haka. Kuma akwai abin da masu maganar tausayi suke tsallakewa: ita ma Tasha kurma ce tun haihuwa, da na'urar ji da aka dasa mata take jin kiɗan. In da tausayi ne kaɗai ma'auni, da ƙuri'ar ta rabu. Kafin su ma, a 2021, Rose Ayling-Ellis, kurma, ta ci gasar, kuma ita alƙalan da kansu sun sha ba ta cikakken maki.

Kalmar tausayin nan ita ce take ci mini rai, domin na san inda ta fito. Mun saba ganin makaho da ƙoƙo a hannu, yaro yana ja masa sanda, daga ƙofar masallatan Kano har zuwa titunan da ke kewaye da Harami. Idonmu ya riga ya yanke cewa duk abin da makaho ya samu, sadaka ce. Shi ya sa ko da muka ga mutum ya yi wata uku yana fita fili duk mako a gaban miliyoyin mutane kai tsaye, ba ya ganin bakin dandali, ba ya ganin madubi, abokiyar rawarsa Dianne Buswell tana kama hannunsa da ƙafarsa tana ɗora su inda ya kamata, shi kuma yana shafawa ya ji yadda ta tsaya ya haddace, sai bakinmu ya riga tunaninmu, mu ce an taimaka masa ne. Wannan hukuncin ba a kansa ya tsaya ba. Yana sauka a kan makafinmu da suka haddace Alƙur'ani da ƙira'o'insa, da waɗanda suka yi karatu da rubutun makafi suka fito da digiri, har yanzu ana miƙa musu riyal a hannu idan an gaisa.

Kwanan baya na koma gidan Gwaggo. Ta tsufa, idonta ya yi yana, sai an kusanto da abu take gani. Babbar 'yar tata, wadda ta tara kuɗin ƙunshi a 2005, yanzu tana da 'ya'ya huɗu, kuma na biyun an haife shi da raunin gani, yana makarantar masu buƙata ta musamman a nan Jidda. Ita ce ta fara turo mini bidiyon McCausland. Na tambaye ta ko tana ganin ya fi sauran iya rawa. Ta ce, "Yaya, ni ban san makin rawar Turawa ba." Ta ce abin da ta yi shi ne ta zaunar da yaron, ta sa masa wayar a kunne, tana gaya masa abin da ke faruwa: yanzu sun kashe wuta, yanzu kowa a ɗakin ya zama kamar kai, yanzu ya ɗaga ta, yanzu mutane sun miƙe tsaye. Yaron ya sa ta maimaita masa sau uku, sannan ya tambaye ta ko Kawunsa zai yarda ya koya masa riƙe sandar mizmar kafin bikin da za a yi a unguwa bayan Sallah.