Herakulis

Herakulis shi ne mafi shahara a cikin jaruman almarar Girkawan dā. Girkawa suna kiransa Herakiles, Rumawa kuma suka ce Herkulis, ta bakinsu ne sunan ya bazu a Turai. A almarar, ubansa shi ne Ziyus, babban abin bautar Girkawa, uwarsa kuwa 'yar Adam ce mai suna Alkimina. A zane ko sassaƙa ba a kasa gane shi: ƙato ne mai gemu, ya yafa fatar zaki, kan zakin a bisa kansa kamar hula, ga kulki a hannu. An fi saninsa da ayyuka 12 da ya yi, amma wanda ya ɗauki ayyukan a matsayin gwajin ƙarfi kawai bai kama bakin zaren labarin ba. A riwayar da ta fi yaɗuwa kaffara ce, ya yi su ne don wanke jinin 'ya'yansa da ya zubar da hannunsa.

Inda labarin ya fito

Girkawa ba su da littafi ɗaya da ya tattara labarin ababen bautarsu, saboda haka kowane gari da riwayarsa. Homa da Hesiyod, waɗanda waƙoƙinsu ke komawa wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ambaci Herakulis a matsayin wanda masu sauraro suka riga suka sani. A ƙarni na 5 kafin haihuwarsa marubutan wasan kwaikwayo, Sofokilis da Yurifidis, suka sa shi a dandali. Labarin da ke jere daga haihuwa zuwa mutuwa kuwa, an fi samunsa a wani kundi da ake jinginawa ga Afolodorus, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 1 ko na 2 miladiyya. Riwayoyin suna saɓa wa juna a wurare da dama, wani saɓanin ma yana juya ma'anar labarin gaba ɗaya.

Haihuwa da gabar Hera

Alkimina matar Amfitiriyon ce, suna zaune a birnin Tibis. Mijin na fagen fama sai Ziyus ya zo mata a cikin siffarsa. Ta haifi tagwaye, Herakulis ɗan Ziyus da Ifikilis ɗan Amfitiriyon. Hera, matar Ziyus, ta ɗaura ɗamarar gaba da yaron tun yana ciki. Ranar da za a haife shi Ziyus ya yi rantsuwa cewa ɗan da za a haifa a ranar daga zuriyar Fasiyus, jarumin da Alkimina ta fito daga tsatsonsa, shi zai mulki maƙwabtansa. Sai Hera ta jinkirta naƙudar Alkimina, ta gaggauta haihuwar wani bakwaini daga zuriyar, Yuristiyus. Rantsuwa ta riga ta fita, sarauta ta faɗa hannun bakwainin. Duk wahalar da Herakulis zai sha daga nan ta samo tushe, duk da cewa an saba fassara sunansa da "ɗaukakar Hera".

Yana jariri Hera ta aika macizai biyu shimfiɗarsa, ya shaƙe su, kowane hannu da ɗaya. Da ya tasa sai halinsa ya fara bayyana: malaminsa na kiɗa, Linus, ya buge shi, shi kuma ya rafka masa molon da yake koyo da shi, malam ya faɗi matacce. Amfitiriyon ya ji tsoro ya tura shi kiwo.

Hauka da kaffara

Sarkin Tibis, Kiriyon, ya aura masa 'yarsa Megara saboda ya 'yantar da birnin daga biyan haraji ga maƙwabtansu. Suka haihu. Sai Hera ta jefa masa hauka, ya kashe 'ya'yansa. Da hankalinsa ya dawo ya tafi Dalfi, wurin duba mafi girma a ƙasar Girka, aka ce masa ya je birnin Tirins ya yi wa Yuristiyus bauta shekara 12, ya aikata duk abin da aka sa shi, bayan nan zai sami dawwama.

Yurifidis ya juya jerin. A wasansa Herakulis ya gama ayyukan duka, ya dawo gida ya ceci iyalinsa daga hannun wani azzalumi, a ranar ne haukar ta same shi, ya kashe matar da 'ya'yan da ya ceta. A wannan riwaya babu kaffara, babu lada. Abin da ya rage masa shi ne amininsa Tisiyus, wanda ya hana shi kashe kansa, ya riƙe hannunsa ya tafi da shi garinsu. Wannan ita ce riwayar da ta fi ɗaci, kuma ta fi nuna yadda Girkawa ke iya tuhumar ababen bautarsu a bainar jama'a.

Ayyukan 12

Da farko ayyuka 10 aka yanka masa. Na farko shi ne zakin Nimiya, wanda kibiya ba ta huda fatarsa. Ya shaƙe shi da hannu, ya feɗe shi da faratan zakin, fatar ta zama sulkensa. Na biyu macijiyar fadamar Larna ce mai kai 9, in an sare ɗaya biyu su tsiro. Ɗan ɗan'uwansa Iyolawus ya riƙa ƙona wurin saran da bakin wuta har kawunan suka ƙare. Herakulis ya tsoma kibansa a dafinta, kuma wannan dafin ne zai zama ajalinsa. Yuristiyus ya ce wannan aiki bai shiga lissafi ba tunda an taya shi.

Ya bi wata barewa mai ƙahon zinariya shekara guda kafin ya kama ta da rai. Ya kori wani gawurtaccen gadu cikin ƙanƙara har ya gaji, ya saɓo shi a kafaɗa. Masu zane a jikin tukwane sun so wannan wuri ƙwarai: Herakulis ya ɗaga dabbar sama, sarki Yuristiyus kuma ya faɗa cikin wata ƙatuwar randa da aka binne a ƙasa, kansa da hannayensa kawai ake gani yana roƙo. Hoton ya tattara abin da ke cin ran mai sauraron labarin, wato mafi ƙarfin mutane yana karɓar umarni daga matsoraci, kuma bai taɓa ɗaga masa hannu ba.

Aiki na biyar an shirya shi ne don wulaƙanci: kwashe kashin shanun sarki Awgiyas a yini ɗaya. Herakulis ya fasa katangar garken ya juyo da kogunan Alfiyus da Feniyus suka wanke shi tas. Shi ma Yuristiyus ya soke shi, don Herakulis ya nemi a biya shi ushirin shanun. Haka 10 ta koma 12. Bayan ya kori tsuntsayen tafkin Sitimfalus, sai tafiye-tafiyen suka fita daga kudancin Girka: bijimin tsibirin Kirit, dawakin Diyomidis masu cin naman mutane, ɗamarar sarauniyar mayaƙan mata Hifolita, da shanun Geriyon mai jiki uku a can ƙarshen yamma. Biyun ƙarshe su ne ɗebo tuffa na zinariya daga lambun Hesferidis, da fito da Kerberus, karen da ke gadin ƙofar lahira, ba tare da makami ba. Masana da yawa na ganin waɗannan na ƙarshe duk magana ɗaya suke yi, wato cin galaba a kan mutuwa.

Mafi daɗewar wurin da aka ga ayyukan 12 a jere shi ne ɗakin bautar Ziyus a Olimfiya, wanda aka kammala wajen shekara ta 456 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masassaƙan ba su nuna shi yana fafatawa da zaki ba. Sun nuna saurayi bayan an gama faɗan, ƙafarsa a kan gawar zakin, ya tallafe kai da hannu don gajiya. A wani allon kuma yana ɗauke da sama a kafaɗa, ya sa matashi ya yi gammo, Atilas, ƙaton da ɗaukar sama aikinsa ne, na miƙo masa tuffan, Atina abar bautar hikima kuwa tana tsaye a bayansa ta ɗaga hannu ɗaya tana rage masa nauyi.

A ƙasar Afirka

Girkawa sun kai wasu labaransa arewacin Afirka. A Libiya, sunan da suke kiran yankin da shi, ya haɗu da Antayus, ɗan kokawar da ke tilasta wa kowane baƙo ya kama da shi, ya kashe shi. Uwar Antayus ita ce Ƙasa, don haka duk kayen da aka yi masa ƙarfi yake ƙara masa. Da Herakulis ya gane haka sai ya ɗaga shi sama ya matse shi har ya mutu. Marubutan zamanin Rumawa sun ce kabarinsa yana yankin Tanja, a Maroko ta yau. Duwatsu biyu da ke bakin mashigin Jibralta, ɗaya a Turai ɗaya a Afirka, su ake kira Ginshiƙan Herakulis, kuma Girkawa sun ɗauke su iyakar duniyar da aka sani. A Masar kuma aka ce ya kashe sarki Busiris mai yanka baƙi, amma masanin tarihi Herodotus ya ƙaryata wannan tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce wanda ya san Misirawa ba zai yarda suna yanka mutane ba.

Halinsa

Herakulis ba salihi ba ne. Mai saurin fushi ne, mai ci, mai sha, mai yawan mata, masu wasan barkwanci sun sha mai da shi acici. Ya kashe baƙonsa Ifitus, aka sayar da shi bawa ga Omfali, sarauniyar Lidiya, kaffara ta biyu ke nan. Amma akwai labarin da ke nuna dalilin da ya sa talakawa suka so shi. A wani wasan Yurifidis na shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sauka gidan abokinsa Admitus a ranar da matar gidan, Alkestis, ta rasu. Mai gida ya ɓoye masa rasuwar don kada baƙo ya juya. Herakulis ya zauna yana ci yana sha yana waƙa, har wani bara ya gaji ya gaya masa gaskiya. Kunya ta kama shi. Bai tsaya ba da haƙuri ba, ya tafi kabarin ya yi kokawa da Mutuwa, ya ƙwato matar ya mayar wa mijinta.

Mutuwarsa

Matarsa ta ƙarshe a duniya ita ce Diyanira. Suna ƙetare kogin Ebenus sai Nesus, wani mai rabin jikin mutum rabin doki da ke fiton mutane, ya nemi ya ci zarafinta. Herakulis ya harbe shi da kibiya mai dafi. Kafin ya cika, Nesus ya ce mata ta adana jininsa, maganin mallakar miji ne. Shekaru bayan haka Herakulis ya kamo wata budurwa, Iyoli, Diyanira ta ji tsoron kishiya, ta shafa jinin a riga ta aika masa. Rigar ta manne a jikinsa tana cin namansa. Da ta ji abin da ya faru ta kashe kanta. Shi kuma ya sa aka tara itace a kan dutsen Oyita ya hau. Wanda ya yarda ya kunna wutar, Filoktitis ko mahaifinsa, shi ya gaji bakansa, bakan da aka ce ba a ci birnin Taroy ba sai da shi. Almarar ta ce an ɗauke Herakulis zuwa Olimfus, mazaunin ababen bauta, ya shirya da Hera, ya auri 'yarta Hibi.

Bauta da sarauta

Girkawa sun bambanta jarumi, wato mamacin da ake girmama kabarinsa, da abin bauta marar mutuwa. Herakulis ya haɗa biyun, kuma babu garin Girkawa da ya yi da'awar kabarinsa. Herodotus ya je har birnin Taya na Finikiyawa, a Labanan ta yau, don ganin ɗakin bautar Melkart, wanda Girkawa suka ɗauka Herakulis ne, ya kuma yanke cewa Herakulis biyu ne, ɗaya tsohon abin bauta, ɗaya jarumi. A Rum 'yan kasuwa kan ba shi ushirin ribarsu a wurin da ake yi masa yanka da ke kasuwar shanu.

Masu mulki sun yi rububin jingina da shi. Gidajen sarauta biyu na Sifata sun ce su jikokinsa ne, haka ma gidan sarautar Masedoniya. Kuɗin azurfar Iskandar Mai Girma suna ɗauke da kan Herakulis sanye da fatar zaki, kuma ta hanyar daulolin da suka biyo bayan yaƙe-yaƙensa siffar ta kai Gandara, a yankin Pakistan da Afganistan na yau, inda masassaƙa suka ba mai tsaron Buda jiki da kamannin Herakulis. Sarkin Rum Komodus, wanda aka kashe a shekara ta 192 miladiyya, ya sa an sassaƙa shi da kulki da fatar zaki. Masu falsafa kuwa wani Herakulis suka gani. Forodikus ya ba da labarinsa yana saurayi a mararraba, mata biyu suna kiransa, ɗaya zuwa jin daɗi, ɗaya zuwa nagarta mai wahala, ya zaɓi ta biyu. Daga nan mabiya falsafar juriya suka riƙe shi abin misali.

Sunansa a yau

Bautarsa ta mutu da shigowar Kiristanci, sunan bai mutu ba. Hiraƙla, sarkin Rum da ya yi mulki daga 610 zuwa 641, wanda littattafan sira suka ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya aika masa wasiƙa, daga sunan Herakulis aka samo nasa, ko da yake shi Kirista ne. Garin Herkulaniyum da dutse mai aman wuta na Besubiyus ya binne a shekara ta 79 miladiyya sunansa ya ci, haka birnin Herakiliyon na tsibirin Kirit. Ginshiƙansa biyu suna cikin tambarin ƙasar Sifen, akwai kuma rukunin taurari da ke ɗauke da sunansa. Jirgin dakon kaya na soja, C-130 Hercules, wanda kamfanin Lockheed na Amurka ya fara tayarwa a 1954, yana cikin jiragen rundunar sojan saman Najeriya da ta Nijar.