Kunkuru da kififiya a zamanin dinaso

Dangin kunkuru da kififiya suna cikin halittu masu rarrafe mafi daɗewa a doron ƙasa. Sun bayyana kusan lokaci guda da dinaso, wato manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare, a zamanin da masana suke kira Mesozoyik, wanda ya fara shekaru miliyan 252 da suka wuce ya ƙare shekaru miliyan 66 baya. Ƙoƙonsu ƙashi ne mai kauri da ba ya saurin ruɓewa, kuma yawancinsu a ruwa da laka suke zama, shi ya sa kasusuwansu da suka zama dutse suke da yawa a nahiyoyi.

Ƙoƙon bai samu a lokaci ɗaya ba. A lardin Guizhou na ƙasar Sin an tono Odontochelys, mai shekaru kimanin miliyan 220, aka bayyana shi a 2008. Yana da haƙora da farantin ciki, amma bayansa ba rufi sai haƙarƙari masu faɗi. Proganochelys na Jamus, wanda ya zo bayansa da shekaru kusan miliyan 10, ƙoƙonsa ya cika sama da ƙasa, sai dai ba ya iya shigar da kansa ciki, ƙayoyi ne suke kare masa wuya da wutsiya.

A zamanin Jurasik, wato tsakiyar Mesozoyik, zuriyar ta rabu gida biyu, kuma rabuwar tana nan har yau. Kashi na farko, Cryptodira, suna janye wuya kai tsaye zuwa cikin ƙoƙo. Na biyu, Pleurodira, suna naɗe shi gefe su kwantar da kai ƙarƙashin bakin ƙoƙon. Da babbar nahiyar Panjiya ta tsage, masu janye wuya suka fi bunƙasa a arewa, musamman Asiya, inda a yankin Xinjiang aka samu rami guda da aka ƙiyasta ya ƙunshi kififiya kusan 1,800 da suka mutu tare. Masu naɗe wuya suka yi ƙarfi a nahiyar kudu, Gondwana, wadda ta haɗa Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostareliya.

Yammacin Afirka yana da kaso mai tsoka a wannan tarihi, kuma abin takaici ne yadda ba a cika ambatonsa ba. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, inda yau sai rairayi, akwai manyan koguna shekaru kimanin miliyan 110 da suka shige. A nan aka tono dinaso Ouranosaurus da Suchomimus, da katafaren kada Sarcosuchus, tare da kififiyar ruwan daɗi irin su Teneremys da Taquetochelys. Wannan ta biyun 'yar uwa ce ta kusa ga Araripemys ta arewa maso gabashin Birazil. Kamannin nasu hujja ce mai ƙarfi, domin a lokacin tekun Atilantika bai daɗe da fara buɗewa ba, tsakanin gaɓar Afirka da ta Birazil ba nisa.

A ƙarshen zamanin Kiritashiyos, wato kashi na ƙarshe na Mesozoyik, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara har ya iso ƙasar Sakkwato. Lakarsa ce ta zama duwatsun Dukamaje, inda aka samu Goronyosaurus, babban mai rarrafe na teku da aka raɗa wa sunan Goronyo, da kififiyar da Beverly Halstead ya kira Sokotochelys a 1979. A ɓangaren Nijar an samu Nigeremys, daga cikin masu naɗe wuya da suka koma zaman ruwan gishiri.

Kififiyar da ta fi kowacce girma a wancan zamani ita ce Archelon, daga tekun da ya raba Arewacin Amurka biyu. An tono ta a Dakota ta Kudu, George Wieland ya bayyana ta a 1896, kuma mafi girmanta ta kai mita 4.6 daga kai zuwa wutsiya. Bayanta haƙarƙari ne da fata mai kauri ta lulluɓe.

Da dutsen sama ya faɗo a Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, dinaso suka ƙare ban da tsuntsaye, waɗanda daga zuriyarsu suke. Kififiyar ruwan daɗi da dama sun tsira, kamar yadda duwatsun Montana a Amurka suka nuna. Masana suna danganta hakan da juriyarsu ga yunwa, da ɓuya cikin laka, da rashin zaɓen abinci.

Ba a tono irin waɗannan kasusuwa a kewayen birnin Kaduna, saboda ƙasar tana kan tsohon dutse mai tauri irin na Kufena da Kajuru, wanda ya girmi zuriyar kunkuru nesa ba kusa ba, kuma ba ya adana gawar halitta. Mai nemansu sai ya nufi kwarin Sakkwato. Amma kififiyar Pelomedusa, wadda ake kamawa a tafkuna da kududdufan arewacin Najeriya da damina, ta binne kanta cikin laka da rani, tana cikin masu naɗe wuya. Wanda ya ɗaga ta zai ga ta karkata kai gefe ta cusa shi kusa da kafaɗa, ido ɗaya a waje.