Shafin intanet na coci

Shafin intanet na coci wuri ne da ikilisiya ke sanar da lokutan sujada, adireshinta, wa'azin da aka yi da kuma hanyar ba da baiko. Fadar Vatican na cikin waɗanda suka fara: ta buɗe shafinta na vatican.va ranar Kirsimeti ta 1995, a zamanin Paparoma John Paul na Biyu. Annobar korona ta 2020, lokacin da aka rufe wuraren ibada a ƙasashe da dama har da Najeriya, ita ta tura ƙananan majami'u da yawa ga watsa sujada kai tsaye ta Facebook da YouTube.

Shafi yana tsayawa ne kan sunan adireshi da ake sabunta rajistarsa duk shekara, da hayar ma'ajiya a kwamfutar wani kamfani, da manhajar tsara rubutu. Cikin irin waɗannan manhajoji, WordPress, wadda ta fito a 2003, kyauta ce, shi ya sa ta fi yawa. A Najeriya hukumar NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng.

Gina shafin ba shi ne wahalar ba, riƙe shi ne. Galibi wani matashi ne a ƙungiyar matasa ke ɗaukar aikin don Allah, ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa. Ran da ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a wani gari, kalmar sirri ta tafi tare da shi, wa'adin rajista ya cika babu wanda ya sani, wani lokaci ma wani can ya saye sunan. Maganin wannan shi ne rajistar ta kasance da sunan ikilisiya, a ajiye bayananta wurin sakatare da dattijo ɗaya, a kuma sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin shekara. Tsohon bayani ma illa ne babba: baƙon da ya karanta cewa sujadar Hausa ƙarfe bakwai ce, ya zo ya tarar an mai da ita tara, da wuya ya sake yarda da shafin.

Yawancin masu ziyara da waya suke shiga kuma suna tattalin data, don haka wa'azi na murya ya fi bidiyo amfani. Ikilisiyoyi masu sujada da Hausa, irin su ECWA da COCIN da EYN, suna buƙatar rubutun da ke nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai.

Akwai kuma batun sirri. Roƙon addu'a, hotunan yaran makarantar Lahadi da lambobin wayar membobi ba abin bazawa ba ne sai da izinin masu su, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi ƙungiyoyin da ke tattara irin waɗannan bayanai. A yankunan da ke fama da rashin tsaro, ya kamata a yi tunani sosai kafin a wallafa jadawalin tafiye-tafiyen fasto.