Ma'anar "phrasal verb": yadda Turanci ke shiga da shigowa

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san wannan tsayuwar. Ka makara, an riga an shiga aji, ka tsaya a bakin ƙofa da littattafai a hammata, ka ce: "Excuse me sir, may I come in?" Malam ya juyo daga allo, alli a hannu, ya ce, "Come in." Mun haddace jimlar nan tun ba mu san inda kalma ɗaya ta ƙare wata ta fara ba. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, tun a ranar muka fara amfani da abin da daga baya yake zame wa ɗalibai dodo a jarrabawar WAEC da JAMB, wato "phrasal verb".

Ni nakan kira shi aikatau mai ɗan rakiya. Aikatau ne kamar "come" ko "get", sai a jingina masa wata 'yar ƙaramar kalma irin su "in", "out", "up" ko "off", su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda. Sunan "phrasal verb" ya bazu ne daga 1925 ta hannun marubuci Logan Pearsall Smith, amma wahalar ta girmi sunan. Tun a 1755 Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan haɗi na cikin abin da ya fi ba baƙin harshen wuya. To mu ma baƙin ne. Sai dai a ɓangaren da ya shafi shiga ciki, ina ganin Bahaushe ya fi baƙi da yawa sa'a, domin harshensa ya riga ya koya masa rabin darasin.

Dubi "shiga" da "shigo". Wasali ɗaya ne ya raba su, amma ko yaron goye da ya fara magana ba ya rikita su. In kana cikin ɗaki za ka ce wa baƙo "shigo". In kana waje tare da shi, "shiga" za ka ce. Haka kai da kawo, aika da aiko, leƙa da leƙo. Wannan "o" ta ƙarshe tana janyo aikin zuwa inda mai magana yake, kuma ita ce giredi na 6 a cikin giredi 7, wato rukunan sigogin aikatau, da masanin Hausa F. W. Parsons ya tsara a 1960. Abin da muke yi da wasali, shi Bature yake yi da sauya aikatau: "come in" shigo, "go in" shiga, "bring in" shigo da, "take in" shiga da. Uwa ta hango hadari ya haɗo daga gabas, ta ƙwala wa 'yarta kira daga ɗaki ta kwaso shanya. Da Turanci za ta ce, "Bring the clothes in." Da tana tsakar gida tare da yarinyar, "Take them in" ne zai fito daga bakinta.

Har abin da ke ɗaure wa wasu kai a nan, mu bai kamata ya ɗaure mana ba. Ɗalibi ya taɓa tambayata, tunda mai neman izini a waje yake, me ya sa ba ya cewa "May I go in?" Na ce masa, in ka yi sallama a ƙofar ɗakin kakarka, me kake cewa? Ya ce, "In shigo?" Ya yi shiru kaɗan, sai ya yi murmushi. Harsunan biyu duk suna tsayawa ne a gefen wanda ke ciki, ladabin iri ɗaya ne.

Daga nan sai rabon aiki, wanda shi ne zuciyar maganar. Kalmar "in" ita ke nuna inda aka dosa, aikatau kuwa shi ke faɗin yadda aka shiga. Wanda ya shigo da ƙafarsa hankali kwance, "he walked in". Wanda ya faɗo afujajan, "he rushed in". Saurayin da ya kai dare a majalisa, ya cire takalmi a zaure ya saɗaɗo don kada tsoho ya ji, "he sneaked in". Wanda ya banko ƙofa babu sallama ana tsakiyar magana, "he barged in", kuma akwai zargi a cikin kalmar, kada ka yi amfani da ita ga wanda kake girmamawa. Ɓarayin da suka fasa suka shiga, "they broke in". Fasinja na huɗu da aka cusa a kujerar bayan tasi, "he squeezed in". Abokin da ya biyo ya leƙo ku gaisa ya wuce, "he dropped in" ko "he popped in". Wadda ta fi burge ni ita ce "move in", domin daidai take da tarewa. Ba shiga ta minti biyar ba ce, shiga ce da kaya da niyyar zama. Amarya ta tare ranar Lahadi: "She moved in on Sunday."

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne tsakanin "in" da "into". Idan ba a ambaci wurin ba, "in" ta wadatar: "Come in." Da zarar an ambace shi, "into" ce ta fi dacewa, musamman a rubutu: "Come into the room", "Thieves broke into the shop." Ita kuwa "enter" ba ta son rakiya idan wuri ake shiga. "He entered the room" daidai ne, "he entered into the room" kuskure ne da ke cin makin yara a banza. Dalilin yana cikin tarihi. "Enter" daga Faransanci ta shigo Turanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka biyo bayan mamayar Ingila da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066, kuma ta zo da "ciki" ɗinta a jikinta. Shi ya sa take da ƙamshin ofis da takarda, alhali "come in" da "go in" 'yan gida ne, su ake ji a baki kullum.

Abin hawa ma da nasa. Mu mukan ce shiga mota ko hau mota, duk ɗaya. Bature yana cewa "get in" ga ƙaramar mota da tasi, inda sai ka sunkuya ka zauna, amma "get on" ga bas da jirgin ƙasa da jirgin sama, inda za ka iya miƙewa ka taka, da kuma babur da doki da ake ɗarewa.

Sai ƙa'ida guda da ba ta da sassauci a irin su "let in" da "bring in". In akwai wakilin suna kamar "him", "her" ko "it", a tsakiya yake zama. "Let him in", bar shi ya shigo. "Let in him" ba Turanci ba ne. Da cikakken suna kuwa kana da zaɓi: "Let the visitor in" ko "Let in the visitor."

Wasu daga cikinsu sun bar ƙofa da ɗaki sun koma aron ma'ana, amma in ka duba da kyau shigar tana nan. "Log in" shiga shafinka na Facebook ne ko na banki. "Check in" shi ne abin da alhazai ke yi a filin jirgi, a duba takardu a auna kaya. "Plug in" jona waya a wuta, "hand in" miƙa wa malami aiki, "fill in" cike fom, ko da yake Amurkawa sun fi cewa "fill out". Labarin rasuwa da ka ji amma sai bayan kwana biyu ya ratsa ka, "it sank in".

Wadda nake so a yi hattara da ita ita ce "take in". A Turancin Najeriya in an ce "she has taken in", kowa ya san ta ɗauki ciki ne. Mutumin Landan ba zai fahimci haka ba, zai tsaya yana jiran ka faɗi abin da ta ɗauka. A wurinsa "take in" na iya zama fahimtar bayani, ko karɓar maraya ka riƙe a gidanka, ko yaudarar mutum, kamar a "I was taken in", wato an rufe ni. Haka kuma in ka kai wa tela rigar da ta yi maka yawa, abin da za ka roƙe shi ke nan: "Please take it in", ya rage mata faɗi.