Rikicewar cin abinci

Rikicewar cin abinci ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke bayyana a jiki, inda tunanin mutum game da surarsa yake juya yadda yake ci har lafiyarsa ta taɓu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 14 ne ke fama da shi a 2019, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Nau'in da ya fi suna shi ne anoreksiya, wanda likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna a 1873. Mai shi tana ƙin abinci don tsoron ƙiba, ta rame har haila ta ɗauke, amma in ta dubi madubi teɓa take gani. A bulimiya kuwa, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979, ana cika ciki ne sannan a jawo amai a ɓoye. Tsamin ciki yana cinye haƙora, sinadarin fotasiyam ya ragu a jini, bugun zuciya ya rikice. Maza ma suna kamuwa, sai dai ba su kai mata yawa ba.

A Bauchi da Gombe matsin da ake yi wa mata kan surar jiki ya fi karkata ta ɗaya ɓangaren, wato son ƙiba. An daɗe ana ɗaukar cikar jiki alamar hutu da kulawar miji, rama kuma ta ja tambayar ko lafiya. Shi ya sa wasu 'yan mata, musamman gab da biki, ke neman ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" a kemis. Galibi maganin kumburi ne, deksametason, ko saifurohebtadin mai buɗe ciki. Ƙibar deksametason ta yaudara ce: fuska ta kumbura, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, ga hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Dainawa farat ɗaya ma haɗari ne, don jiki ya riga ya rage ƙera nasa sinadarin mai aiki irin na maganin.

Akwai kuma cin farar ƙasa da masu juna biyu ke yi, wanda ke da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini.

Iyali kan fara zargin sammu ko iska, a tafi wajen malam, jiki na ta ƙarewa. Magani yana haɗa likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci da iyaye, kuma wadda ta rame sosai a hankali ake dawo mata da abinci a asibiti, domin ɗura mata da yawa lokaci guda na iya tsayar da zuciya.