Waiwaye: daga boye yaro a daki zuwa ba shi shugabanci

Duk wanda ya jima cikin Hausawan Makka ko Jidda ya san irin gidan da za a ce maka yaransu shida amma biyar kake gani a hara, wato unguwa. Na shidan yana cikin shagga, wato cikin gida, ba makaranta ba filin kwallo, in ka tambaya a ce ai shi ba shi da lafiya. Yawanci yaro ne mai raunin fahimta, wanda aka haifa da lalurar Down ko wanda koyo ke yi wa wuya sosai, ba tabin hankali ba ne kamar yadda mutanenmu ke hada su kudin goro. To duniya fa ta wuce maganar a fito da shi waje kawai, yanzu maganar da ake ita ce ya rike shugabanci tare da sa'anninsa marasa lalura, kuma abin ba jiya aka fara ba.

A nan Saudiyya da makafi aka fara, Ma'ahad Nur a Riyad a 1960, sai kurame da Ma'ahad Amal a 1964, su masu raunin fahimta sai a 1971 aka bude musu ma'ahadin tarbiyya fikriyya. Ci gaba ne babba a lokacin, amma ware su aka yi, makarantarsu daban motarsu daban. Sai a 1984 aka fara gwada damji a Hufuf, wato a sa yara masu bukata ta musamman cikin makarantun kowa da kowa.

Ta bangaren wasanni kuwa labarin daga Amurka ya taso. Eunice Kennedy Shriver, kanwar shugaba John Kennedy, tana da yaya mai suna Rosemary mai raunin fahimta, an yi mata aikin kwakwalwa a 1941 ya kara lalata ta, iyalin suka boye ta shekara da shekaru. Gidan masu kudi da mulki kenan fa, su ma kunyar ta kama su. A 1962 Eunice ta fara tara irin wadannan yaran a filin gidanta suna guje-guje da iyo, daga nan aka samu gasar Special Olympics ta farko a Chicago a watan Yuli 1968, da 'yan wasa kusan 1,000. Amma har a nan su ne ke wasa, masu lafiya ke tsarawa suna tafi. A 1989 aka shigo da tsarin kungiya daya, mai lalura da marar lalura su sa riga iri daya su buga tare, a 2008 kuma aka kai shi makarantu aka kara masa shugabancin matasa, inda ake hada su biyu biyu, daya mai raunin fahimta daya marar shi, su tsara taro tare su yi jawabi tare, kuma ba a yarda dayan ya rika magana a madadin dayan ba. Wannan sharadin na karshe a gani na shi ne gishirin maganar gaba daya.

Majalisar Dinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hakkin nakasassu a Disamba 2006, Saudiyya ta shiga a 2008, Sudan a 2009. Abin da ya fi burge ni shi ne a 2016 aka zabi Robert Martin dan New Zealand cikin kwamitin da ke bin diddigin yarjejeniyar, mutum na farko mai raunin fahimta da ya hau wannan kujerar, mutumin da ya tashi a gidajen killace nakasassu ya dawo yana yi wa gwamnatoci tambaya.

Nan kusa da mu, a Maris 2019 Abu Dabi ta karbi gasar duniya ta Special Olympics, karon farko a yankin Larabawa, 'yan wasa sama da 7,000, kuma a nan ne Saudiyya ta fara tura mata. Sannan samarinmu da ba su da hira sai Ittihad da Ahli, nawa ne cikinsu suka san kungiyar kwallon Saudiyya ta masu raunin fahimta ta dau kofin duniya sau hudu a jere, 2006, 2010, 2014 da 2018? An kafa hukumar kula da nakasassu a 2018, sabuwar dokar hakkinsu ta fito a 2023.

Toh ina namu yaran a ciki? Gaskiya da yawansu ba su kai ko matakin 1971 din ba. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ba ta daidai shiga markaz na kula da irin wadannan yaran sai ya yi wuya, na kudi kuma tsada, ga kunya ga cewa aljannu ne, uwa ita kadai ke dauke da shi dare da rana. Alhali a Sahihu Muslim akwai matar da ke da wani abu a hankalinta, ta ce wa Annabi (SAW) tana da bukata, ya ce ta zabi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama maganarta. Ita ta zabi wurin, shi ya saurara.

Abin da ke hannunmu ba ya bukatar takarda. Gasar kwallon azumi da samarin hara ke shiryawa, rabon buda baki, halkar tahfiz bayan la'asar, duk akwai kwamiti akwai masu yanke shawara. A sa shi a ciki da aiki na gaske, shi ke rike jerin sunaye ko raba riguna ko bude taro, abokin da aka hada su ya rika maimaita masa magana da sauki ya jira shi ya amsa ko da za a dade. Abin da ban so wallahi shi ne a kira yaro ranar rufe gasa a rataya masa lambar yabo a dau hoto a sa a WhatsApp, alhali ko sau daya ba a tambaye shi wane lokaci yake so a buga wasan ba.