Waiwaye: Yadda Aka Kai ga Tsara Kafofin Na'urorin Sadarwa da Ƙa'idoji

Duk matashin da ya kama aiki a ɗakin na'urorin wani kamfanin intanet a Accra, ko yake kula da layukan wata makaranta a Kumasi, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yawan kafofi, wato ramukan da ake soka wayoyin sadarwa a jikin na'ura. Suwic guda, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a wuri ɗaya, yana iya zuwa da kafa 48, rauta, wadda ke haɗa layin wuri da intanet, kuma tana da nata, ban da waɗanda ba a ganinsu da ido domin a cikin manhaja aka ƙirƙire su. Dole ne manhajar da ke sa ido kan na'urorin ta san wacce kafa ce ta kwastoma, wacce ce ke fita ƙasar waje, wacce kuma babu kowa a kanta. A yau ƙa'idoji ne ke yin wannan rabo, amma an yi doguwar tafiya kafin a iso nan.

Tushen maganar yana cikin SNMP, hanyar da na'urori ke ba da rahoton halin da suke ciki, wadda aka fara wallafa ta a 1988. A 1991 aka fitar da kundin MIB-II, wanda a cikinsa kowace kafa take da lamba, da bayanin da masana'anta suka ba ta, da saurinta, da yawan bayanan da suka ratsa ta. Lambar nan, da ake kira ifIndex, ita ce ta zama ƙashin bayan aikin, ita ce kuma ta zama ciwon kai, domin a na'urori da yawa tana iya sauyawa idan na'urar ta mutu ta sake tashi, ko aka ƙara mata kati.

A 1995, shekarar da kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor ya haɗa Ghana da intanet gaba ɗaya, Tobias Oetiker ya saki MRTG, manhajar da ke tambayar na'ura duk bayan minti 5 ta zana abin da ta samu. Tana da wani ɗan kayan aiki, cfgmaker, da ke leƙa na'ura ya rubuto jerin kafofinta, sai injiniya ya zauna ya goge na gogewa, ya gyara sunaye da hannu. Manhajar Cacti, da ta zo a 2001, ta sauƙaƙa abin ta mayar da shi danne-danne a allo, sai dai har yanzu mutum ne ke zaɓar kowace kafa ya jera ta a inda ta dace.

Mu a nan Ghana mun san illar wannan tsari fiye da ƙasashen da wutarsu ba ta ɗaukewa. A shekarun da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi ƙamari, musamman 2014 da 2015, na'urar da ke wurin da babu janareto ko batir mai ƙarfi takan mutu ta tashi sau da dama a mako. Idan lambobin kafofi suka sauya, zanen da ke ɗauke da sunan wani shago a unguwar Nima ta Accra sai ya koma nuna zirga-zirgar wani ofishi a unguwar Mamobi, manhajar kuma ba za ta yi ƙorafi ba, tunda a wurinta lamba ta amsa. Wannan ya fi mutuwar zane haɗari, domin ana iya yanke hukunci a kan bayanin da ba na mai shi ba. Shi ya sa kamfanin Cisco, mai ƙera na'urorin sadarwa, ya samar da umarnin da ke kafe lambar, manhajoji kuma suka koyi bin sunan kafa maimakon lambarta.

Sauyin da ya fi tasiri ƙaramin abu ne. A 1997 aka ƙara wani gurbi mai suna ifAlias, wanda ke ɗaukar haruffa har 64, inda injiniya zai rubuta aikin kafar da kansa, kuma aka shar'anta cewa rubutun ya tsira ko na'ura ta sake tashi. Daga nan ne manhaja ta samu abin karantawa mai ma'ana. Manhajar sa ido ta Zabbix, wadda Alexei Vladishev ya ƙirƙira a Latviya, ta kawo gano kafofi kai tsaye a sigarta ta 2.0 a 2012: a rubuta ƙa'ida sau ɗaya, a ce duk kafar da sunanta ya dace da siffa kaza a sa mata ido, a kuma buɗe mata zane da ƙararrawa. Manhajar LibreNMS, da ta ɓalle daga manhajar Observium a 2013, tana karanta farkon rubutun, idan ta ga "Cust:" ta kai kafar rukunin kwastomomi, "Transit:" rukunin layukan fita, "Peering:" kuma rukunin musayar bayanai da maƙwabtan kamfanoni.

Amfanin wannan rabo ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku guda 4, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta. A irin wannan safiya, wanda kafofinsa ke cikin rukuni zai ga a allo ɗaya cewa layukan fita sun faɗi, alhali na cibiyar musayar intanet ta Ghana, da aka buɗe a Accra a 2005, suna nan da ransu, sai ya san abin da zai faɗa wa kwastoma. Wanda bai tsara ba zai bi ɗaruruwan jajayen ƙararrawa ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, inda ake yawan tuntuɓe a yanzu shi ne ɗaukar ƙa'ida a matsayin maganin sakaci. Ƙa'ida ba ta ganin waya, rubutu kawai take karantawa. Idan ma'aikaci ya cire wayar kwastoma daga kafa ta 12 ya mayar da ita ta 20 da tsakar dare bai gyara rubutun ba, ko wani ya rubuta "Cust" wani kuma "Cus", manhajar za ta jera kuskuren cikin tsari mai kyau. Saboda haka ya kamata a amince da salon rubutu ɗaya, a manna shi a ƙofar akwatin na'urori, sannan a ƙara ƙa'idar da ke tattara duk kafar da ke aiki ba tare da rubutu ba a rukuni guda, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba shi kowane mako.